Tsegumi: Yadda tsoro ya shiga kuɗin haya a Gusau

Ku matso kusa, wannan magana ba ta lasifika ba ce. Akwai wani Alhaji a wajen Tudun Wada, ba zan kama suna ba don surukinsa na karanta wannan shafi. Shekara da shekaru, in dillali ya kai masa ɗalibi, sai ya ja carbi ya ce shi ba ya ba gwauro haya, balle ɗiya mace da ba ta da muharrami a gari. To majiyata ta ce kwanan baya Alhajin ya ba magidanta uku notis rana ɗaya, wai ɗansa zai yi aure. Ɗan nan kuwa ko gemu bai fara ba, yana ƙaramar sakandare. Suna kwashe kaya sai ga kafinta da lodin filawud. Aka raba falo biyu, aka mai da kicin ɗaki, har ɗan shagon da ke zaure aka huda masa taga. Yanzu in ka wuce da safe, 'yan jami'a za ka gani suna layin banɗaki da bokitai.

Kada ku ce Alhaji ya sauya fahimta, lissafi ya yi. Magidanci sai albashi ya shigo ko an yi kaka yake biya, shi ma guntu-guntu, in an matsa masa ya ɗauko liman da mai unguwa a zo ban haƙuri. Ɗalibi kuwa kuɗin shekara yake direwa gaba ɗaya, uban ya turo daga Kano ko Kaduna ko Ilori, su huɗu su haɗa a ɗaki guda, kuma bai san ƙofar gidan mai unguwa ba balle ya kai ƙara.

Tushen abin kowa ya san shi, faɗa ne ba a so. Da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013 a kan hanyar Zariya, ɗakunan kwanan cikin makaranta ba su ishi ɗalibai ba. Masu 'yan kuɗi suka ruga Sabon Gida da Damba suka sayi gonaki, suka jera ɗakuna. An ci kasuwa kuwa. Sai 2023 ta zo, aka fara ɗaukar ɗalibai daga gidajen haya, har yaran suka fusata suka tare babbar hanya. Da asubahin Juma'a 22 ga Satumba 'yan bindiga suka faɗa Sabon Gida, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Bungudu, suka fasa gidajen hayar ɗalibai suka tafi da fiye da 20, galibinsu mata. Na ƙarshensu ba su ga gida ba sai a Afrilun 2024, bayan kusan wata bakwai a daji. Wannan ba abin tsegumi ba ne, Allah ya kiyaye gaba. Abin tsegumin shi ne waɗanda suka ci ribar tashin hankalin, don tun daga ranar duk uban da ke da hali ya ce 'yarsa ta koma cikin gari ko nawa ne.

Su dillalai har sun sauya waƙa. Da can in za su yabi gida, sai ka ji ruwa da wuta da tayil. Yanzu tsaro ake sayarwa. Wani da ke zama a benci ƙarƙashin dalbejiya a Samaru, mai tulin makullai a aljihun gaba, an ji shi yana ce wa wani dattijo da ya rako 'yarsa: "Baba, wanga gida ko sauro sai ya nemi izini. Motar soja nan taka bi kullum." Motar soja dai ta taɓa bi sau ɗaya, ranar da direban ya zo sayen tsire. Dattijo ya biya kuɗin ganin gida, ya biya la'ada kashi 10 cikin ɗari, ya biya na takarda, sannan aka ce saura kuɗin tsaro. Tsaron shi ne wani tsoho mai tocila da gora, wanda ƙarfe goma na dare take yi masa a kan tabarma yana minshari. 'Yan matan gidan ne ma ke tashinsa ya rufe ƙofa.

Wannan dillali dai an ce ya taɓa ba mutum biyu ɗaki ɗaya, kowa da rasit ɗinsa. Da suka haɗu a bakin ƙofa da katifu, sai ya ce ai dukansu 'yan aji ɗaya ne, su zauna tare su riƙa bita.

Ruwa kuma kun san Gusau. Gidan da aka ce maka akwai rijiyar burtsatse, tambayi ko tana da injin, in tana da shi tambayi wa ke riƙe da makullin. A wani gida a Mareri uwargidan mai gidan ce ke riƙe da shi a bakin zane, kuma ranar da 'yan haya suka yi mata kallon da bai gamshe ta ba, ranar injin ya lalace. Sai a koma ga 'yan garuwa, su kuma da bazara ta kama sai su ƙara wa jarka kuɗi. Kuɗin wuta ba mita ake dubawa ba, kaya ake ƙirgawa. Mai gida ya shiga ɗaki-ɗaki yana leƙen ƙarƙashin gado, wa ke da hita, wa ke da dutsen guga, wa ke da rishon lantarki. Yaran su ma ba baya ba, da sun ji sallamarsa risho ya shige cikin bokitin wanki.

Ita uwargidan nan ta Mareri, a yi mata adalci, tana da dalilinta. Maigidan da ko kuɗin cefane sai ya aiko yaro, tun da 'yan makaranta suka tare ya zama shi ke zuwa karɓar kuɗin shara da kansa, bayan isha'i, da sabuwar shadda da turare. An ce ta aika masa cewa in ƙafarsa ta sake taka zauren nan da dare, ita da kanta za ta kira Hisba. Yanzu ƙanenta ne wakilin gidan.

Abin da ya fi ci wa ɗalibai rai shi ne shekarar mai gida ba ta san kalandar makaranta ba. Waɗanda suka ga yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, sun san zancen. Wata takwas ɗaki na kulle, gara na cin littattafai, aka dawo aka tarar haya ta ƙare. Mai gida ya ce shi bai shiga yajin aiki ba. Ga wanda ya koma cikin gari kuma akwai kuɗin mota kullum zuwa makaranta, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ɗan kabu-kabu ba ya jin "don Allah". Naira 20,000 da NELFUND ke ba wanda ya ci bashin karatu duk wata, tsakanin mai keke da mai garuwa take ƙarewa. Wata mai gida ma an ce ta fi ɗaliban sanin ranar da kuɗin ke shigowa, da ta ji ihu a tsakar gida sai ta fito da littafin bashi.

Ban wanke ɗaliban ba fa. Akwai wani ɗan ajin ƙarshe da ya kama ɗaki da sunansa, ya zuba sabbin shiga biyar a ciki, kowa ya biya shi kuɗin shimfiɗa, shi kuma ya koma gidan yayarsa yana cin tuwo kyauta. Abin da ya tara ya fi abin da ya ba mai gida. Da mai gidan ya gano bai kore su ba, kiran yaron ya yi ya ce a raba.

A Tsafe abin ya juya. Garin da yake da Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya, yake kuma da sansanin masu yi wa ƙasa hidima kafin rashin tsaro ya sa a ɗauke shi, ya san daɗin baƙi. A Afrilun 2022 aka sace ɗalibai mata na kwalejin daga gidan da suke haya a wajen makaranta, kuma tun daga nan gidan bakin gari ya zama abin gudu. Ɗaki mai siminti da silin a gefen gari na zaune babu kowa, ana rububin ɗakin ƙasa a tsakiyar unguwa don kawai maƙwabta sun kewaye shi. Wata gwaggo da ke da irin wannan ɗaki, wanda da awaki ke kwana ciki, an ce har tambayar 'yan mata take su kawo mai tsaya musu kafin ta karɓi kuɗinsu.

Masu gidajen hayar Sabon Gida su ne abin tausayi, musamman 'yan fansho da suka zuba giratutinsu a bulo da kwano. Wasu sun rage kuɗi, wasu sun ɗaga katanga sun sa waya mai ƙaya, ɗalibai maza da marasa hali na komawa don nan ne kusa kuma nan ne aljihu zai iya. To ga inda kunnena ya tsaya. Ana raɗe-raɗin wani babban mutum, mai baƙar mota marar lamba, yana bi ta hannun yaronsa yana taya gidajen da masu su suka gaji, a farashin da bai kai kuɗin ginin ba. Yaron na ce wa masu gida ai wurin ya mutu, gara su karɓi abin da ya samu. Shi kuwa maigidan nasa an ji shi a wani ɗaurin aure yana cewa jami'a ba ta tashi daga inda aka kafa ta, ɗalibai kuma ƙaruwa suke yi kowace shekara. An ce ya riga ya karɓi takardun gida huɗu, na biyar ɗin magada ne suka tsaya jayayya, ɗaya daga cikinsu ya ce sai an kai maganar gaban alƙali.