Yadda Za Ka Zaɓi Kujerar Bishiya Ba Tare Da Barewa Ta Yi Maka Dariya Ba

To malam sabon maharbi, tunda zama ya kai ka jihar Wiskonsin ta Amurka, har maƙwabta sun zuga ka ka shiga farautar barewa mai farar wutsiya, ga shawara kyauta. A can, mafi yawan maharba kujera suke ɗaurawa a jikin bishiya, su hau su yi shiru, barewa ta kawo kanta. Lokacin farauta da bindiga kwana 9 ne kacal a ƙarshen Nuwamba, saboda haka ba ka da ranar ɓatawa a asibiti.

Kujerun iri uku ne. Akwai mai tsani: ta fi sauƙin hawa, ta fi daɗin zama, amma nauyinta sai mutum biyu ko uku sun taru kafin ta tsaya. Saye ta in kana son sanin su wane ne abokanka na gaskiya. Akwai mai hawa da kai: ka goya ta a baya, ka maƙala ta a gindin bishiya, ka riƙa tashi kana zama tana haurawa da kai. Sharaɗinta bishiya miƙaƙƙiya marar rassa a ƙasa, wadda galibi za ka same ta a inda barewa ba ta bi. Sai mai rataya, wadda ake ɗaure ta da majanyi bayan an kafa matakala. Ta dace da kusan kowace bishiya, amma ɗaura ta a sama aikin gwanaye ne. Sabon shiga, rungumi mai tsani, ka bar burga.

Duba nauyin da aka rubuta a jikin kujerar. Da yawa fam 300 suke ɗauka, wajen kilo 136, kuma lissafin ya haɗa da rigunan sanyi, bindiga da guzurinka. Ƙarfe ba ya jin lallashi.

Tsayi kuwa, mita 5 zuwa 6 ya wadatar. Wanda ya wuce haka, jirgin sama yake jira.

Zaɓi bishiya mai rai. Wani ƙwaro da aka gano a Mishigan a 2002 ya kashe miliyoyin itatuwan da ake kira ash, suna nan tsaye suna jiran mai tsautsayi. Sannan lura da iska: hancin barewa ya fi idonta aiki, don haka zauna inda iska za ta kwashe warinka daga hanyarta. Rigar ruwan lemu ko ta ruwan hoda da doka ta tilasta ba ta dame ta ba, turarenka ne matsala.

Babban abokin gabarka dai ƙasa ce. Faɗowa daga bishiya na cikin manyan abubuwan da ke raunata maharba, kuma yawanci wajen hawa ko sauka ne. Sa ɗamarar tsaro mai kama kafaɗu da cinyoyi, ka ɗaure kanka tun ƙafarka ba ta bar ƙasa ba. Cire harsashi, ka jawo bindiga da igiya bayan ka zauna. Gaya wa mutanen gida bishiyar da kake, da lokacin dawowarka.

In ka dawo hannu rabbana amma da ƙafafunka biyu, ka ci riba. Labarin ƙatuwar barewar da ta kuɓuce maka da ƙyar kuwa, wannan ba sai an koya wa maharbi ba.