Kawu da Awon Rediyo a Hawa na Tara

Kawuna mutumin Maradi ne, ya yi ritaya a Vaulx-en-Velin da ke gefen birnin Lyon na Faransa, a wani dogon bene na unguwar Mas du Taureau. Cikin waɗanda suka taso da Sashen Hausa na BBC yake, wanda aka buɗe a 1957, don haka kunnensa bai taɓa rabuwa da akwatin rediyo ba. Da zaman gida ya ishe shi sai ya koma sauraren masu rediyon sha'awa, mutanen nan da ke ɗaura eriya a kan rufi suna gaisawa da na wata nahiya. A Faransa sai mutum ya ci jarrabawar hukumar ANFR kafin a ba shi lambar kira ya yi magana. Saurare kuwa kyauta ne, kuma Kawu ba ya wasa da kyauta.

Rigimar ta samo asali ne ranar da aka nuna masa jadawalin Rob Sherwood, Ba'amurken da ya shafe shekaru yana auna rediyoyi yana jera su daga gwani zuwa na baya. Abin da Sherwood ya fi dubawa shi ne ko akwati zai iya tsamo murya mai rauni alhali wata tasha mai ƙarfi na ihu a gefenta, tazarar kilohaz 2 kacal. Kawu ya haddace lambobin tsaf, ya fasa asusu ya sayo Icom IC-7300, wanda ya fito kasuwa a 2016, kuɗinsa sama da yuro 1,000. Da Inna, matarsa, ta tambayi farashi, sai ya ce mata an yi masa ragi.

Maƙwabcinsa wani tsohon ma'aikacin lantarki ne mai lasisi, akwatinsa ya girmi 'ya'yan Kawu duka. Gardama ta kaure kan wane ya fi jin nesa, aka sa ranar Asabar, aka naɗa ni alƙali saboda ni ne mai biro.

Kowane akwati yana da ma'aunin ƙarfin sigina daga S1 zuwa S9. Tun 1981 ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta IARU, shiyyar Turai da Afirka, ta tsayar cewa a gajeren zango S9 na nufin maikurovolt 50, kowane mataki kuma desibel 6, ko da yake akwatuna da yawa ba sa bin wannan sau da ƙafa. Aka jona waya ɗaya, aka murɗa zuwa mita 20. Na Kawu ya nuna S9, na maƙwabci ma S9, amma babu ko tasha ɗaya. Ƙara ce kawai, kamar ana suyar ƙosai a cikin lasifika.

Maƙwabci ya yi bayani cewa a bene irin wannan, ƙwan fitila na LED da cajar waya mai arha da na'urar da ke tura intanet ta wayar lantarki duk suna watsa hayaniya. Kawu bai tsaya jin ƙarshe ba. Ya sauka hawa na takwas yana buga ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, yana tuhumar bayin Allah da firjinsu da talabijin ɗinsu.

Da ya dawo yana haki, maƙwabci ya ce a sa akwatunan a batir a kashe wutar gidan gaba ɗaya. Kawu ya ja makunni. Nan take ma'auni ya faɗo S2, sai ga muryar wani ɗan Italiya tar. Sai kuma ga Inna daga kicin riƙe da muciya, tuwon baƙi ya tsaya a kan murhun lantarki, hirarta da 'yarta ta Yamai ta yanke.

"Alhaji, ɗaukewar wutar gida ce ta biyo mu har Faransa?"

"Bincike muke yi, Hajiya."

"To binciken ya tuƙa muku tuwo."

Aka maido wuta, aka riƙa kunna kaya ɗaya-ɗaya. Firji lafiya, talabijin lafiya. Ana taɓa 'yar fitilar tebur da Kawu ya sayo a kasuwar unguwa musamman don ya ga lambobin sabon akwatinsa, ƙosai ya koma kasko. Kawu ya ce ai da ma tun farko bai yarda da fuskar mai sayarwar ba.

Bayan an zare ta, akwatunan biyu suka ji tashoshi iri ɗaya, babu wanda ya tsere wa wani. Awon Sherwood gaskiya ne, amma a ɗakin gwaji ake yin sa, kuma fifikon sai ranar gasar masu rediyon sha'awa yake fitowa, lokacin da tashoshi suka cunkushe wuri ɗaya. A hawa na tara, hayaniyar gari ta riga ta binne bambancin. Na rubuta canjaras, Kawu ya ce an saye alƙali.

Mutanen hawa na takwas dai har yau ba sa amsa masa gaisuwa.