Masu Ƙirga Ƙusoshin Tankar Yaƙi

Muna yara, in ka ƙera motar kara ko ta langa-langa, hukunci ɗaya ne: ta yi tafiya ko ba ta yi ba. Sai da zama ya kai ni Ingila, na faɗa cikin masu harhaɗa 'yan ƙananan tankoki da jiragen yaƙi na roba, sannan na san akwai bayin Allah da abincinsu shi ne duba aikin wani su yi tsaki. Wasu a mujalla suke rubuta nasu sharhin. Wasu kuwa a bayan ƙeyarka suke yin sa, a babban baje kolin da ƙungiyar IPMS ke shiryawa a Telford duk watan Nuwamba.

Sarkinsu shi ne Mai Ƙirga Ƙusa. Za ka gane shi da 'yar tocila a aljihun gaba da tabarau biyu, ɗaya a hanci, ɗaya a goshi. Ba ya gaisuwa. Wata uku na yi ina fama da wata tankar Tiger ta Jamus, samfurin Tamiya, ina ɗaukar sassa da matsefata, gam ya cinye mini fatar yatsa. Ranar da na ajiye ta a tebur, sai ga shi. Ya durƙusa kamar mai neman allura a rairayi, ya haska ƙarƙashinta, ya yi shiru irin na likitan da ya ga abin da ba ya son faɗa.

"Ta wace shekara ce?"

Na ce ta ƙarshen 1944.

"Ayya." Ya miƙe yana riƙe da ƙugu. "Ai ƙafafun nan masu bakin roba ne. Tun farkon 1944 aka koma na ƙarfe."

Daga nan ya shiga fenti. Rawayar da Jamusawa suka fara shafa wa tankokinsu a Fabrairun 1943, wai tawa ta fi ta haske. Na ce ya taɓa ganin ta asali? Ya ce ya je gidan tarihin tankoki na Bovington sau goma sha ɗaya, ya tsaya gaban Tiger 131, wadda Turawan Ingila suka kama a Tunisiya a 1943, kuma ko su ma'aikatan wurin yana da 'yan gyare-gyaren da zai ba su. Mutumin nan ya san adadin ƙusoshin murfin injin, amma na tabbata bai san ranar haihuwar matarsa ba. Na so in tuna masa cewa awon girman 'yan tankoki na 1/35 da yake rantsuwa da shi ba wahayi ba ne: kamfanin Tamiya ya auna tankarsa ta Panther ne daidai yadda batir zai shiga cikinta, girman ya faɗo a haka. Na fasa, don kada ya kwana a kaina. Da na ce ina tasa tankar, sai ya ce tana nan tafe, yana jiran wani littafi daga Poland. Bana shekara ta shida ke nan.

Akwai Mai Buɗe Kwali. Shafi huɗu zai cika da hotunan sassa ba a ko ɓalle su ba, ya ce da gani za su zauna daram. Wannan kamar mai yabon miya ne tun tana kasuwa.

Akwai Ɗan Amshin Shata, wanda kamfanoni ke aiko wa kaya kyauta. Bai taɓa haɗuwa da mummunan kwali ba. Da yabonsa na sayi wani jirgi, gangar jikin ta ƙi haɗuwa, na ɗura mata fila na bi da samfefa har na zama ɗan gyaran jikin mota. Na koma na sake karanta sharhin, sai na ga ashe ya rubuta, can ƙasa, cewa maƙeri mai ƙwarewa zai ji daɗin ƙalubalen.

Mai Tsatsa kuwa ba ya ganin tanka ta yi kyau sai ta zama kamar wadda ta shekara talatin a bayan garejin bakanike. Tankar da ko wata biyu ba ta yi a fagen fama ba.

Duk waɗannan ina iya shan shayi da su. Wanda ba na iyawa shi ne wanda ke rage wa kwali maki don babu sitikar tambarin 'yan Nazi a ciki, alhali ya san dokar Jamus ce ta hana. Teburinsa kaf sojojin SS na 'yan Nazi ne, ya haddace sunan kowane kwamanda, yana faɗa yana lumshe ido. In ka ɗaga gira sai ya ce tarihi ne kawai. Shi ne ya taɓa tambayata, da fara'arsa, ko Yaƙin Duniya na Biyu ya shafe mu can Afirka. Na ce masa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japanawa a dajin Burma, kuma da yawansu da Hausa ake ba su umarni. Ya ce abin sha'awa, ya juya ya ci gaba da gyara wa wani ɗan soja hula. Ranar ban ƙarasa zagayen ba.

Saura Mai Tara Kwali, wanda ke saye ba ya haɗawa, yana cewa sai ya yi ritaya. Shi kam ban ga laifinsa ba, mutumin kirki ne, ana yi masa mummunar fahimta. Makon jiya uwargida tana shara ta jawo kwalaye ashirin da uku daga ƙarƙashin gado, ko ledarsu ba a yage ba.

"Maigida, waɗannan fa?"

Na ce na sharhi ne. Sannan na lura ta riƙe kwalin jirgin Spitfire na kamfanin Airfix a juye, na ce ta bi a hankali, wannan Mark na ɗaya ne, ba na tara ba.