Yadda Ake Tayar da Yaro Mai Ƙwaƙwalwa Daga Barci

Aikin yana farawa ne tun ranar suna. Jariri ɗan kwana bakwai, an yanka rago, wanzami ya yi aski, sai gwaggo ta karɓe shi ta juya kansa ta ce, "Ku dubi goshin nan, wallahi likita ne." Kaka ta ce a'a, alƙali ne sak kakansa. A bar su su yi, ranar farin ciki ce, jariri kuma bai fara jin Hausa ba. Amma ranar da ya fara ji, ka tattara "gwani" da "mai ƙwaƙwalwa" ka zuba a adaka ka kulle, ka ba maƙwabci ajiyar makulli. Da gaske nake. Yabon nan ne yake haifar mana yaron da kowane malami ya sani: littafinsa shafi biyu ne rubutu, baya kuma zanen 'yan ƙwallo, ba ya buɗe shi sai daren jarrabawa, ya wayi gari ya zo na uku. A firamare dabarar tana ci. Ranar da ya shiga babbar sakandare ya haɗu da lissafin da ba ya shiga kai da ji ɗaya, sai ka ga gwanin gida ya koma bencin baya yana cewa malamin ne bai iya koyarwa ba.

Akwai hujja. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck, a Jami'ar Columbia ta Amurka, sun ba yara 'yan aji biyar tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa. Da suka gama, aka yabi wasu da kaifin basira, wasu kuma da ƙoƙarin da suka yi. Da aka ce su zaɓi aiki na gaba, yawancin waɗanda aka kira masu basira suka zaɓi mai sauƙi, don kada rawaninsu ya faɗi. Bayan an ba kowa masu wuya sun faɗi, aka dawo da irin na farko: 'yan basira suka yi ƙasa, 'yan ƙoƙari suka yi sama. Abin da ya fi ba ni tausayi, kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan basirar sun ƙara wa makinsu gishiri da aka ce su gaya wa wasu yara sakamakonsu. Yaron da ake kira malalaci, sau da yawa tsoro ne yake cinsa: in bai yi karatu ba ya faɗi, da uzuri, in ya yi ya faɗi, asiri ya tonu.

Don haka ka canza baki. Ya kawo 90 ba tare da ya taɓa littafi ba, kada ka yanka masa zakara, ka samo masa tambayoyin WAEC na shekarun baya ka zauna ka ga gumi. Ya kwana uku kan lissafi ɗaya ya ci rabi, ranar ce ta tsire, kuma ka gaya masa na kwana ukun ne. Kafin duk wannan, a duba idonsa da cikinsa, don wanda ba ya ganin allo ko bai karya kumallo ba, ba wa'azi yake bukata ba.

Baba zai ce duk wannan dogon turanci ne, dorina ce magani. Dorina tana zaunar da yaro gaban littafi, ba ta hana zuciyarsa tafiya filin ƙwallo, kuma mai tsoron faɗuwa ka ƙara masa tsoro ne kawai. Wani zai ce ai binciken Amurkawa ne. To ya leƙa makarantar allo. Malam ba ya tambayar wa ya fi kaifi. Ba a wanke allo sai karatun ya zauna, mai saurin kamawa ma sai ya biya ya sake biyawa, kuma walimar sauka shekarun zama ake yi wa. Masu cewa magana kaɗai ba ta isa ba kuwa, sun yi gaskiya. Wani babban bincike da aka buga a 2019 kan ɗaliban Amurka fiye da 12,000 ya nuna koya wa yara cewa basira tana ƙaruwa da aiki ya ɗaga makin masu rauni, amma kaɗan. Shi ya sa sai an haɗa da aikin da ya fi ƙarfin yaro da ɗan taki, da babba mai zama kusa da shi in ya cije.

Iyaye, in katin sakamako ya zo wannan zangon, ku ajiye shi gefe tukuna, ku ce yaron ya kawo littafinsa ku ƙirga shafukan da ya rubuta.