Madubi Ɗaya, 'Yan Jere Goma

Ranar jeren ƙanwata a Beji, a kan hanyar Minna zuwa Zungeru, ko gado bai ba mu wahalar da wani ɗan madubi ya ba mu ba. Zagayayye ne, bai fi faifai ba, an kewaye shi da saƙar kwagiri tsinke-tsinke kamar fitowar rana. Irinsa muka taso muka gani a ɗakin Kaka, tsakanin jeren kwalla da fanteka, muna yi masa dariya.

Gwaggo ce ta fara. Ita ba ta ƙi madubin ba, mazauninsa ne bai yi mata ba. Kada ya kalli gado. Kada ya kalli ƙofa, baki zai kama amarya. Aka mai da shi bangon gabas, ta ce to, yarinya ta ta da salla tana kallon kanta? Ta sa aka ƙara ƙusa a gefe don rataye ɗankwalin da za a riƙa rufe shi in hadari ya haɗu, saboda aradu. Ƙusa bakwai muka buga, siminti na zuba, mai gidan haya yana tsakar gida yana salati. Da aka gama ta ja da baya, ta karkace kai, ta ce, "Ku mayar da shi inda yake da farko." Sannan ta tsaya ta gyara ɗaurinta a ciki, bayan magariba, ita da ta shekara talatin tana hana mu duba madubi da dare.

Akwai mai "nawa aka saya?", wadda ko nawa aka faɗa sai ta ce an cuce ku, a Kasuwar Kure rabin haka ne. Akwai ƙawar amarya da ba ta ɗaga ko tsintsiya ba, amma ta yi hoto ashirin a gabansa. Ƙanwar ango kuwa yatsa ɗaya ta sa ta shafa saƙar, ta ce, "Ba a samu na zamani ba ne?"

Duk waɗannan na yafe musu. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce Hajiyar da ta sayar mana da shi, mai kasuwanci a Instagram. Ta rantse daga Indonesiya aka kawo shi, kuma ya girme ni. Kwagiri dai a kurmi yake fitowa, ba a Beji ba, shi ya sa muka yarda. Sai da wata tsohuwa ta kankare shi da farce ta ce, "'Yan nan, wannan ai kaba ce." Ashe wani dattijo mai saƙar tabarma Hajiyar ta sa ya yi mata. Ya kwana uku yana tsaga yana saƙa, ta taya, ya ce albarka, ta sake tayawa ƙasa da na farko, ta jiƙa abin a ruwan shayi ya yi kalar tsufa, ta ninka kuɗin sau biyar. Ko sunansa ba ta sani ba, "mutumina" take cewa.

Ni ce na fi kowa yi wa madubin ba'a ranar. Washegari da sassafe na sulale gidan Kaka, na gaishe ta har ƙasa, na ce ko wancan tsohon tarkacen nata yana nan in rage mata shara. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kishiya, kin makara. Na ji ya yi kuɗi. Nawa kika zo da shi?"