Jagoran Ɗan Tudu Zuwa Tukwanen Bakin Tekun Gana

Zumuncin Bahaushe da ƙasar Gana ya girmi mota. Tun zamanin fatauci kakanninmu suke kora jakuna zuwa Gwanja, su sauke kanwa da tufafi a Salaga, su ɗauko goro. Jikokinsu suka gangara har inda ƙasa ta ƙare, suka kafa zango a Akra da Cape Coast da Sekondi. Duk da haka, har gobe akwai baƙon da zai kwana biyu a mota, ya ratsa iyakoki uku, ya sauka a unguwar Nima ta Akra, tambayarsa ta farko ita ce ina ake sayar da tuwo da miyar kuka. Ya yi mako guda yana zagaya kwano ɗaya, ya koma gida yana cewa ya ga Gana.

Ɗan'uwa, gaɓar nan ta kai kusan kilomita 550, kuma kowane gari da tukunyarsa. Wanda bai ci abincin mutane ba bai gaisa da su ba. Ga shawarwari tara, bi da bi daga gabas zuwa yamma, yadda hanya za ta kai ka idan ka shigo ta Aflao.

1. Ka sauke kayan yaƙi tun a gida

Na san abin da ke ƙasan jakarka: ƙullin yaji, garin kuka, daddawa, da kilishi naɗe a takarda. Fito da su. Mutanen da za ka je wurinsu sun san barkono sanin da zai sa ka cire hula ka share zufa. Kilishin kaɗai za ka riƙe, shi ma don mai masaukinka. An ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, to wannan tafiya ce za ta gwada maka gaskiyar maganar.

2. Ka zauna kusa da taga

Daga Aflao hanya za ta bi da kai ƙasar Ewe, Keta da tafkinta mai gishiri suna hannunka na hagu, har ka iso Sogakope, inda gada ta haye kogin Volta. Kafin direba ya gama taka birki, mata sun kewaye motar da faranti a ka. Nan ne darasinka na farko. Sayi abolo, wainar masara mai ɗan zaƙi da ake turarawa a ganye, ka haɗa da soyayyun ƙananan kifi waɗanda ko rabin ɗan yatsa ba su kai ba. Kada ka tsaya neman ƙaya, kada ka ce za ka cire kai, kada kuma ka ƙirga su, don motar za ta isa Akra ba ka gama ba. Damƙa ake yi a watsa a baki. Akwai kuma tsiren naman ƙumba da ake nitso a ɗebo daga ƙasan kogin. Yana da ɗan tauri, saboda haka ka ba haƙoranka lokaci.

3. Zango wurin karin kumallo ne

In ka iso Akra ka sauka a zango, wannan haƙƙinka ne. Ka yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ka sha Hausa a Nima da Mamobi da Sabon Zango har kunnenka ya ƙoshi. Da asuba ka bi layin koko mai citta da kanumfari, ka haɗa da ƙosai. In rana ta ɗan ɗaga ka nemi mai shinkafa da wake, wadda ake dafawa da karan dafi har ta yi ja. Za a zuba maka a ganye, a ɗora taliya, garin rogo, dafaffen ƙwai, ganda da soyayyen kifi. Idan mai sayarwa tana nuna kaya ɗaya bayan ɗaya kana gyaɗa kai, ka sani kowane gyaɗawa kuɗi ne. Ka kuma yi sammako, domin tukunyar da ta yi suna ba ta ganin azahar.

To, ka ci, ka gode wa Allah. Yanzu ɗauki takalminka ka fita. Zango ƙofa ce, ba a kwana a bakin ƙofa.

4. Ka yi sulhu da kenke

Wannan shi ne sarkin abincin gaɓar, kuma a nan ake gane baƙon da zai daɗe. 'Yan ƙabilar Ga, masu garin Akra, suna jiƙa masara, su niƙa, su bar ƙullun kwanaki har ya yi tsami. Sai a raba shi biyu, a tuƙa rabi a wuta, a cuɗa da ɗanyen rabin, a sa gishiri, a dunƙula, a naɗe da ɓawon masara, a dafa na sa'o'i. Ka neme shi da yamma a Jamestown ko Chorkor, inda tururinsa ke tashi daga manyan tukwane.

Dokoki uku ne. Na ɗaya, ɓawon ba na ci ba ne, ɓare shi za ka yi. Na biyu, tsamin nan ba lalacewa ba ce, kada ka mayar wa baiwar Allah da abincinta kana yamutsa fuska, don kwana da kwanaki ta yi tana jiran tsamin ya nuna. Na uku, ba a cin kenke shi kaɗai. Abokan tafiyarsa su ne soyayyen kifi, niƙaƙƙen ɗanyen barkono da tumatir da albasa, sai kuma shito, baƙin yajin da ake soyawa a mai da busasshen kifi, jatan lande, citta da albasa har ya yi duhu. Wanke hannun dama, gutsuro kenke, dangwali ja, dangwali baƙi, ɗora tsokar kifi. Loma ta farko za ta ba ka mamaki, ta biyu za ta ba ka haƙuri, a ta biyar kai da kanka za ka ɗaga hannu a ƙaro.

Gargaɗi guda: akwai wani ɗan ƙaramin koren barkono mai ƙamshi da suke kira kpakpo shito. Ƙanƙantarsa kada ta ruɗe ka. Gaishe shi daga nesa kafin ku saba. Idan kuma hawaye suka zubo, ka bar su su zuba, duk wanda ke kan bencin nan ya taɓa yin irinsu.

5. Kada ka nemi ɗanyen kifi ranar Talata

A mafi yawan garuruwan gaɓar, masunta ba sa shiga teku ranar Talata. Ranar hutun teku ce a al'adarsu, a nan suke ɗinke raga su gyara kwalekwale. In ka je ranar kana cigiyar sabon kamu, dariya kawai za ka samu, ita ma kyauta. Sauran ranaku ka isa bakin ruwa da sassafe. Za ka tarar da maza sun yi sahu suna jan igiyar raga da waƙa. Naɗe hannun riga ka kama, ba wanda zai hana ka, sau da yawa ma mai taya ja yakan tashi da ɗan rabonsa. Sai dai ka cire babbar riga tukuna, don iskar teku tana son ta fiye da yadda kake son ta.

Da kifi ya taɓa yashi, mulki ya koma hannun mata. Su ke saye, su ke yanka farashi, suna da shugabarsu a kowace mashiga, kuma wasunsu su ke ba masunta kuɗin man inji. Gwanintarka ta ciniki a Kantin Kwari ka ajiye ta gefe, ka yi sallama, ka ce "Mama", ka taya da ladabi. Daga nan ka bi hayaƙi zuwa inda ake banda. Murhun da za ka gani, na laka mai tarin faifan waya ɗaya bisa ɗaya, sunansa Chorkor, don a unguwar aka fara aiki da shi a 1969, da haɗin gwiwar matan wurin, cibiyar binciken abinci ta Gana da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Yana cin itace kaɗan ya gasa kifi da yawa, shi ya sa ya bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka. Idan kana son ganin kasuwar a cike, ka zo tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da ruwan teku ke yin sanyi, ƙananan kifi su taso da yawa.

6. In miya ta kalle ka, kai ma ka kalle ta

Za a kawo maka banku, tuwon ƙullun masara da rogo, da miyar kuɓewa mai manja. Kana sa hannu sai ka ga ƙaguwa ta leƙo da ƙafafunta duka. Kada ka tashi tsaye. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dabbobin teku halal ne, har ƙaguwa da jatan lande. Fasa ɓawon, tsotse abin da ke ciki, ka ga yadda maƙwabcinka zai fara yi maka kallon ɗan gida.

Inda tambaya ta wajaba shi ne naman tudu. Ana sayar da naman alade a wasu wurare, ana kuma sa naman daji a miya. Matambayi ba ya ɓata: ka tambaya kafin a zuba, ko ka ce kifi kawai kake so, a bar nama sai ka koma zango. Idan fufu aka kawo, na rogo da agada da aka kirɓa a turmi, to haɗiya ake yi. Mai tauna fufu ya sanar da dukan gidan abincin cewa jiya ya sauka. In kuma wani yana cin nasa ya ce maka bismilla da harshensa, ka yi godiya da murmushi, al'adarsu ce kamar tamu.

7. Ka tsaya a Yamoransa, ka nutsu a Elmina

Daga Akra zuwa Cape Coast kimanin kilomita 150 ne. Dab da isa, a Yamoransa, za ka ga tebura jere da ƙulle-ƙulle cikin busasshen ganyen agada. Wannan kenken Fante ne, ya fi na Ga tauri, kuma yana yin kwanaki bai lalace ba. Ana dama shi da ruwan sanyi, sukari da madara, a watsa gyaɗa, ya zama tamkar furar bakin teku. A Cape Coast da Elmina ka nemi fante-fante, miyar masunta: kifin da aka kamo yanzu, manja, tumatir, albasa da barkono, a tukunya ɗaya ba tare da dogon bayani ba. Idan wani wari mai ƙarfi ya tare ka a kasuwar Kotokuraba, momoni ne, kifin da aka tsima da gishiri. Ɗan kaɗan ake sawa ya tashi miya duka. Mai cin daddawa ba shi da bakin yi masa gori.

A Elmina akwai wurin da raha ke tsayawa. Ginin da Turawan Fotugal suka kafa a 1482 yana nan a bakin tafkin Benya, kuma ta ɗakunansa na ƙasa aka fitar da bayin Allah masu ɗimbin yawa zuwa ƙetaren teku, cikinsu har da waɗanda aka koro daga arewa. Ka shiga, ka yi musu addu'a. Da ka fito, ka tsaya kan gada ka dubi ɗaruruwan kwalekwale masu tutoci da jikokin masu garin suna ta hidimar kifi. Abincin da za ka ci bayan nan zai fi shiga jikinka.

8. Ka san abin da ke cikin ƙoƙo

Ruwan ɗanyar kwakwa shi ne abokin baƙo. Mai adda zai sare kan ya miƙo maka. In ka shanye kada ka yar, mayar masa ya tsaga, ya yanko maka cokali daga ɓawon ka kankare laushin ciki. Zoɓo yana nan da citta mai yawa, suna ce masa sobolo. Akwai asaana, ruwan masara da ƙonannen sukari, mai sanyi. Biyu ne za ka ce wa a kai kasuwa: bammi, da wani farin ruwa mai kama da na rijiya da ake kira akpeteshie, wanda barasa ce mai ƙarfi. Ruwan teku kuma ba na sha ba ne, ba na wasa ba ne. Igiyarsa a gaɓar nan tana ja da ƙarfi, iya iyo a kududdufi ba ya aiki a wurin. Jiƙa ƙafa ya ishe ka.

9. Ka biya da hannu sake

In ƙafarka ta kai Axim a ƙasar Nzema, ka rufe tafiyar da akyeke, garin rogo turarre da soyayyen kifi, ɗan'uwan wanda ake ci a Kwaddibuwa. Sannan ka haɗa tsaraba: kwalbar shito a ɗaure da kyau don kada ta yi wa shaddarka ado, kifi banda, da kenken Fante.

A wurin biya ne nake roƙonka. Masuntan nan suna kuka da raguwar kifi, manyan jiragen kamun kifi suna kwashe ƙanana tun ba su girma ba, man inji kuma kullum ƙara tsada yake yi. Matar da ta miƙo maka banda ta wuni cikin hayaƙi idonta na ruwa, mijinta ko ɗanta ya kwana kan teku. Ka nemi gyara don raha, amma kada ka matse ta a kan sidi ɗaya. Ka koyi godiya da harshenta: akpe a Keta, medaase a Cape Coast. Idan ka dawo gida aka tambaye ka labarin Gana, zaunar da masu tambayar, buɗe kwalbar shito, ka ajiye musu randar ruwa kusa.