Kofi Uku Kafin a Sallame Ka

Addis Ababa, Habasha

Taubashi, sarkin shayin Ajingi da ƙauyukanta,

Ka gaida Goggo, ka ce mata saƙonta ya iso kuma na yi yadda ta ce. Maganar gonar hanyar Toranke ka bar ta yadda muka yi da Baffa, kada ka sake tsoma baki. Na ji an yi suna, Allah ya raya, na kuma ji wanda ya yi gaba da kan ragon. Rigimar kuɗin shara mu jingine ta sai na zo.

Labarin gari a gurguje. Garin a kan tsauni yake, sama da mita 2,300, bene ɗaya za ka hau ka tsaya kana haki. Shekararsu wata 13 ce, kuma lissafinsu yana bayan namu da shekara 7 zuwa 8, saboda haka ɗan girman da nake maka ya zube tun a filin jirgi. Ƙarfe bakwai na safe su ce ƙarfe ɗaya. Aiki lafiya lau, motar ofis sabuwa ce, ba a tura ta. Juma'a ina zuwa masallacin Anwar da ke Markato. To, an gama da wannan. Gyara zama, don abin da ya sa na ɗauki biro ya shafi sana'arka kai tsaye.

Ka tuna ledojin gahawar da ka cusa min a jaka ranar da kuka raka ni filin jirgin Malam Aminu Kano, ka ce don kada barci ya kwashe ni a kan sitiyari? Wata safiya ina tsakar gidan da nake haya, na yaga guda, na zazzage a ruwan zafi, na juya da cokali, na shanye a tsaye. Ashe tsohuwar mai gidan tana kallona. Ta turo jikanta mai jin Turanci ya yi min sannu, ya tambaye ni ciwon me nake sha wa magani. Na ce ai gahawa ce. Yaron ya juya ya gaya mata. Taubashi, sai da matar nan ta nemi kujera ta zauna. Kafin azahar maƙwabta sun ji labari, wata har da leƙowa ta taga don ta ga mutumin da ke shan buna, wato gahawa, a tsaye. Da la'asar aka aiko in fito, za a nuna min yadda 'ya'yan mutane suke yi.

Na fito na tarar an barbaza ɗanyar ciyawa a tsakar ɗaki. Ciyawa fa, kuma saye ake yi a kasuwa da kuɗi! Na ce a raina da a Ajingi ne da awakinka sun cinye shimfiɗar kafin baƙi su cire takalmi. An jera 'yan ƙananan kofuna marasa mariƙi a kan wani ɗan teburi, ga kaskon gawayi, ga lubban yana tashi. Na duba ko'ina ban ga gahawa ba. Can sai 'yar tsohuwar ta ɗauko wasu 'ya'yan itace kore-kore, ta tsince su, ta wanke, ta sake wankewa. Na shinshina ɗaya, ƙamshin harawa kawai yake yi. Wai ita ce. Wato a ƙasar nan idan an ce maka zo ka sha gahawa, ana nufin zo ka shaida haihuwarta.

Ta zuba a faffaɗan kasko ta hau juyawa, yadda Inna take suyar gyaɗa in za a yi ƙuli, ba ta ɗauke ido, ba ta bari gefe ɗaya ya ƙone. Kore ya koma rawaya, rawaya ya koma ruwan ƙasa, sai ka ji ƙas-ƙas suna fashewa, sannan su yi baƙi suna ƙyalli da mai. A nan ne aka yi abin da ya ɗaure min kai. Ta sauke kaskon yana hayaƙi, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana miƙo shi gaban hancin kowa, kowa kuma ya sa hannu yana fifito hayaƙin zuwa fuskarsa yana lumshe ido yana sa albarka. Ni da na san a gida ba a bin mutum da hayaƙi sai in ana zargin iska ta taɓa shi, na fara karanta Falaƙi da Nasi a ɓoye. Da kaskon ya iso gabana na shaƙa, addu'ar ta tsaya min a maƙogwaro. Ban taɓa jin ƙamshi irin wannan ba, kuma ka san na yi zaman shagon turare a Kantin Kwari.

Kai a tunaninka an gama ko? Yanzu aka fara. Sai an daka a turmi. Sai an zuba a wata baƙar tukunyar ƙasa mai dogon wuya da suke kira jabana. Sai ta tafaso. Sai an sauke an jingine ta a karkace, gari ya kwanta. Duk wannan ana ta raba gugguru ana hira. Sannan ta ɗaga tukunyar sama ta tsiyayo siririn ruwa kofi bayan kofi ba tare da ta katse ba. Ka ga wannan ɗaga hannu da kake yi in kana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi don 'yan acaɓa su ce ka iya? Wata yarinya a nan da ba ta kai aure ba ta fi ka, kuma ba ta fantsama wa kowa a wando.

Na sha kofi na farko, sunansa abol. Na yi hamdala na miƙe zan tafi, aka riƙo min riga. Ashe akwai na biyu, tona, ana ƙara ruwa a kan garin a sake dafawa. Na shanye na sake yunƙurawa, aka ce haba, wa yake tafiya ya bar baraka? Na uku kenan, kuma tashi kafin shi rashin ta ido ne. Na fito lokacin la'asar sakaliya, ban samu kaina ba sai da aka kusa kiran magariba. Akwai gidajen da ake wannan zama sau uku a yini. Na yi lissafi na ga in Habashawa suka cire lokacin gahawa, abin da ya rage musu bai wuce na alwala ba. Shi ya sa shekararsu take bukatar wata na 13, kuma shi ya sa har yanzu ba su kamo mu ba.

Wani maƙwabcinmu mutumin karkara gishiri yake sa wa tasa. Wani ya ce a garinsu man shanu ake zubawa. Tsohuwar kuma wani ɗanyen ganye mai ƙamshi take tsomawa. Madarar gwangwani da cokali huɗun sukarin da kake antaya wa mutane, da na ba su labari, sai jikan ya tambaya ko kunu ne.

Yanzu bari in gaya maka gaskiya tsakanina da kai, kada ka karanta wa 'yan benci wannan wajen. Tasu ta fi. Nesa ba kusa ba. Gyaɗar da aka sauke yanzu da wadda ta shekara a kwalba ai ba sai an tambayi mai hanci ba. Na yi bincike, don ka san mu Gayawa ba ma yarda da abu haka kawai. Ƙamshin nan babu shi a ɗanyar ƙwaya, wuta ce take haifar da shi. Idan zafi ya kai wajen digiri 200, ruwan cikin ƙwayar ya zama tururi ya fasa ta, sukarinta ya ƙone ya yi duhu, nauyinta ya ragu da kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Masana sun ƙirga sinadaran ƙamshi sama da 800 a soyayyiyar gahawa, kuma yawancinsu ba sa zama. Da an daka suka fara guduwa, iska kuma ta lalata man. Wanda ya sayi niƙaƙƙiya a kanti, wadda ta yi watanni a kan kanta, saura ya saya. Ita kuwa ta leda, an riga an dafa ta tun a masana'anta a manyan tankuna, aka fesa ruwan cikin iska mai zafi ya bushe ya zama gari. Wato abin da kake sayarwa ɗumame ne. Kuma yawanci da irin robusta ake yin ta, mai ɗaci, wadda sinadarin hana barcinta ya kusa ninka na arabika da ake sha a nan. Ka ga dalilin da direbobin da ke tsayawa wajenka suke isa Wudil ido a bushe.

Ba raina ta nake ba, tana da ranarta. Nescafé ta fito a Suwizalan a 1938, lokacin da gahawa ta yi wa Barazil yawa har suna ƙona ta saboda faɗuwar farashi, ana neman hanyar adana ta. Sojojin Yaƙin Duniya na Biyu suka yaɗa ta. An yi ta ne don mai sauri, kuma mutumin da fasinja ke jira a mota ba zai zauna a barbaza masa ciyawa ba.

Na san Baffa zai tambaya ko halal ce. Ka gaya masa sufayen Yaman ne suka fara shan ta a ƙarni na 15 don su raya dare da zikiri. A 1511 wani mai mulki a Makka ya hana ta, hanin bai yi ƙarko ba. Ka ƙara masa da cewa Habasha ƙasar Najjashi ce, inda sahabbai suka yi hijirar farko, sai hankalinsa ya kwanta. Su nan labarin da suke bayarwa shi ne wani makiyayi mai suna Kaldi ya ga awakinsa sun ci 'ya'yan wata bishiya suna ta tsalle, daga nan aka gano ta. Tatsuniya ce, amma ta tuna min kai. Shekara nawa kana kiwon awaki, ban da kashinsu me ka taɓa ganowa? Habasha ce kan gaba a noman gahawa a Afirka, kuma kusan rabi su suke shanye abinsu. Kowane yanki da tasa: Harar, Jimma, Sidama, Yirgacafe. Yanzu ina iya bambance ta Harar da ta Yirgacafe ido a rufe, tsohuwar da kanta ta shaida, har ta ba ni kaskon na yi suya a gaban baƙi aka tafa min. Namiji ba ya yi a al'adarsu, amma ta ce ni baƙo ne, ba a ƙirga ni.

Ga shawara, kuma rabon riba biyu ne, nawa ya fi. Akwai jirgin da ke tashi daga nan ya sauka Kano, zan aiko da ɗanya. In ta ƙare, ana noma ta a Mambila. Ka je Gaya wajen maƙera su yi maka kasko. Mutanen da kakanninsu suka ƙera wa Bayajidda wuƙa ba za su gaza a kan faranti ba, sai dai ka yi musu magana da ladabi, ka san ɗan ƙauye in ya shigo birni. Turmi ka ari na Goggo, amma ka wanke daddawar. Ka soya a gaban mutane bayan isha, ƙamshin kaɗai zai taso 'yan Kunkurawa da Balare a ƙafa. Kuma na san halinka: kada in ji ka haɗa da 'ya'yan rai-ɗore don ta yi auki. Ana soya su a sha a madadinta a wasu wurare, amma ba sa hana kowa barci, ranar da liman ya sha ya makara asuba asirinka ya tonu.

Abu ɗaya ne ba zan iya aikowa ba, kuma su ma ba su iya ba ni ba. Zaman nan na kofi uku hira ce zallarta: wa ya yi aure, wa ya ci bashi, ɗan wa ya tafi Saudiyya. Da Amharanci ake yi. In sun yi dariya in yi, in sun yi tsaki in girgiza kai. Ranar nan na ƙyalƙyale da dariya ashe wata ce take ba da labarin sanyin ƙashinta. Mutanen kirki ne, tsohuwar ɗana take ce min, in ban fito ba sai ta aiko. Amma babu wanda zai ce min Bagayi mai baƙin rowa, babu mai musun ƙwallo da ni har biredinsa ya narke a kofi, babu mai rubuta min bashi a jikin kwali ya ƙara sifili. Wani lokacin in na dawo aiki da dare sai in yaga ɗaya daga ledojinka in sha a ɗaki, ƙofa a rufe don kada tsohuwar ta gani ta sake tara min jama'a. Sun kusa ƙarewa. Ban ce ka aiko ba. In dai ka ga mai tahowa, kuma akwai wuri a jakar, to.

Abin da na ce ka aiko shi ne kuka, daddawa, yajin Goggo da goro fari. Ka gaida 'yan benci kaf, ban da mai bina kuɗin taya, shi ka ce masa ba ka da lambata. Ka gaya wa Inna na yi ƙiba, ko da ba ta yarda ba. Amaryarka kuma ka ce mata tayina yana nan, duk ranar da ta gaji da warin kananzir ɗin rishonka, ga wanda ya iya suyar gahawa.

Naka, ubangidanka ko ka ƙi ko ka so,
Bagayin Habasha